Hancin Waje

Unguwar Bolewa, Potiskum.

Zuwa ga 'yata Yagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, ke da kayanki, babu kwalbar da ta fashe a hanya. Allah ya tsare ki daga sharrin baƙon gari, ya haɗa ki da maƙwabta na kirki, ya sa albarka a shagon turaren da za ki buɗe. Ki gaishe mini da kawunki da iyalinsa, ki ce na gode da masauki.

Na cusa takardar a tsakanin atamfofinki ne don na san halinmu. Da zaunar da ke na yi, kafin in kai rabin magana kin ce, "Hajja, zamani ya canja," ni kuma zuciyata ta hau, mu tashi kowa na huci. Takarda kuwa ba ki da yadda za ki katse ta, sai dai ki ninke ki ajiye, kuma na san son jin ƙwaƙwaf ɗinki ba zai bar ki ba.

Ana gobe za ki tafi na ji ki a zaure kina waya da lauya. Ba laɓe na yi miki ba, muryarki ce ba ta san a hankali ba, gado kika yi. A kan matar nan ce da ta sayi humrarki ta waya, ta rubuta a ƙarƙashin hoton kayanki cewa ta ɓata mata leshi, kuma ƙamshin ba ya kai la'asar. Na ji kin ce sai ta kwana a hannun 'yan sanda. Da na yi miki magana kika ce, "Ai ke ma haka kika yi wa malamar nan ta unguwar Ngojin, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake taɓa sunanki." Gaskiya kika faɗa, babu wanda ya sake. A lokacin kina makarantar kwana, labarin nasara kawai aka kai miki. Ni da na zauna a cikin nasarar nake so in gaya miki yadda take, kafin ki sa hannu a takardar lauyan nan.

Mahaifiyata, wadda kika ci sunanta, ita ta taho da sana'ar nan daga Borno. Tana da wata ƙa'ida da ba ta taɓa karyawa ba. Duk randa ta gama haɗi, ta soya itace da sukari, ta zuba turarukan ruwa, ta rufe ya tsumu, ba ta sayar da ko cokali ɗaya sai ta zuba garwashi a kasko ta kai gidan da ba a sana'ar turare. Ta ce mu masu kwana mu tashi a cikin ƙamshi hancinmu ya saba, ba ya rarrabe mai kyau da wanda ya ɓaci, dole sai an nemi na wani. Shi take kira hancin waje. Namu hancin wajen Goggo Lami ce, maƙwabciyarmu mai sayar da gishiri da kanwa, 'yar Karai-Karai, da Hausarta mai gargada da bakinta marar sakaya. Ta yi wa mahaifiyata, ta yi mini. Sai ta sunkuya kan kasko ta ja numfashi, ta ɗago ta ce, "Bintu, wannan kam ya ƙone, warin gindin tukunya yake." In ji kamar in shaƙe ta, amma in koma in sake. Da bakin matar nan sunana ya kai har Damaturu da Azare.

Da kasuwa ta koma cikin waya, oda ta yi mini yawa, sai na fara ganin kai wa Goggo Lami kasko ɓata lokaci ne. Ni da na shekara da shekaru ina haɗi, mai gishiri ce za ta koya mini? Wani haɗin in kai, wani in tura wa mutane kai tsaye. Kuskurena na farko ke nan, kuma ba a waya ya fara ba, a tsakar gidana ya fara. Ki nemi mace a Kaduna wadda ba ta cin komai a hannunki, ba ta jin kunyarki, ki riƙa kunna mata kafin ki sayar. In ta faɗi abin da ya ƙona miki rai, ki haɗiye, ki ƙara mata da godiya.

Wata damina na yi wani zazzaɓi da mura mai nauyi, na warke, na tashi na yi babban haɗi da sabon turaren ruwa da aka aiko mini daga hannun wani dillali da ban saba da shi ba. Ban kai wa kowa ya sansana ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga rubutu a shafina, daga wata Malama Saratu, malamar firamare a Ngojin, tsohuwar kwastomata. Har yau ina iya karanto shi da ka. Ta ce: "Jama'a, na sayi turaren Hajja Bintu na wannan karon, yana warin kananzir, 'yata mai ciwon ƙirji ta yi ta tari har sai da muka je asibiti. A da ba haka yake ba. Don Allah a duba."

Ki sake karantawa, Yagana. Ina zagi a ciki? Babu. Ni ma da na fara gani gabana ne kawai ya faɗi. Amma kafin azahar ƙawayena na guruf ɗinmu na waya sun ɗauki hoton rubutun suna ta turo mini. Wannan ta ce an biya ta ne, waccan ta ce hassada ce, wata ta ce, "Hajja, in kika ƙyale wannan, gobe kowace 'yar talla sai ta taka ki." Na karanta maganar mace ɗaya da fushin mata da yawa. Babanki ya ce, "Bintu, ba kina da lambarta ba? Kira ta mana." Na ce ni in kira ta? Allah ya kiyaye! Na ɗebo turaren na kunna a ɗakina, na sunkuya, ban ji warin komai ba, na ce kun gani, ƙarya take yi. Duk randa aka kushe kayanki, ki kashe wayar, ki yi alwala, kada ki nemi shawarar masu zuga. Su in wuta ta tashi gida za su koma su ci tuwonsu.

Aka haɗa ni da wani lauya matashi mai zaƙin baki. Ya ce akwai dokar ɓata suna a intanet, ba ma sai mun wahala ba, ƙorafi za mu rubuta. Na ce rubuta. 'Yan sanda suka je har makarantar da take koyarwa, suka fito da ita daga aji da alli a hannunta. Ban je ba, amma an ba ni labari, kuma wallahi a ranar daɗi na ji, ba zan yi miki ƙarya ba. Aka shiga kotu, aka ɗaga, aka sake ɗagawa. Mijinta ya yi ta zarya gidan nan da dattawan unguwarsu. A ƙarshe na ce na yarda a yi sulhu, da sharaɗin ta goge rubutun, ta yi bidiyo ta ƙaryata kanta. Ta zauna a ofishin lauya, ta kalli waya, ta ce: "Turaren Hajja Bintu babu kamarsa. Ni ce na yi kuskure. Ina neman afuwa." Na ɗora bidiyon a saman shafina yadda duk mai shigowa shi zai fara gani. Ko sau ɗaya a duk shari'ar babu wanda ya ce a kawo kasko a kunna turaren a ji. Ni ban ce ba, lauya bai ce ba, ita kuma tsoro bai bar ta ta ce ba.

To daga nan ne abin ya fara, kuma a hankali ya zo, shi ya sa ban gane da wuri ba.

Duk hoton da na ɗora, sai mata su yi ta rubutu a ƙasa. Da farko ina murna. Wata rana da hantsi ina zaune ina bin su ɗaya bayan ɗaya, sai na lura duk magana guda ce. "Babu kamarsa." "Babu kamarsa, Hajja." "Gaskiya babu kamarsa." Matan unguwar Yerimaram, matan Bolewa, har waɗanda ban taɓa sayar wa komai ba. A da wata za ta ce na watan jiya ya fi, wata ta ce sandal ɗin ya yi kaɗan, wata ta yi mini tsiya kan kwalba. Yanzu kowa kalmomin Malama Saratu na cikin bidiyo yake maimaita mini. Na yi ta ja da yatsa ina neman mutum ɗaya da ya faɗi wani abu dabam, ban samu ba. 

In na shiga keke zuwa kasuwa na tarar da mata suna hira, sai hirar ta mutu. Su gaishe ni da fara'a har da rusunawa, "Hajja, ina gajiya, ya kasuwa," sannan kowa ta kama kallon titi har mu sauka. In mace ta zo saye na kunna mata ta ji, kafin hayaƙin ya iso fuskarta ta riga ta ce ya yi. Na koma wa Goggo Lami da kasko, bayan na daɗe ban je ba. Matar da ta ce wa mahaifiyata haɗinta ya ƙone a gaban baƙi, ta dubi kaskon, ta dube ni, ba ta ko sunkuya ba. Ta ce, "Ya yi, Hajja." Ba ta taɓa kirana Hajja ba sai ranar. Na ce, "Haba Goggo, ki sansana mana." Ta ce, "Ni tsohuwa ce, ba ni da ƙafar zuwa kotu. Ya yi."

Ba a kaina kaɗai ya tsaya ba. Guruf ɗin matan garin nan, da can nan ake faɗakar da juna: kada ku sayi man shafawar wane, ya lalace, telar nan tana cinye yadi, shinkafar shagon can da tsakuwa. Bayan shari'ata duk ya ɗauke. Na ji da kunnena wata mai ɗinki tana gaya wa kwastomarta, wadda ta ɓata wa kaya, "Je ki rubuta mana, kin dai ga abin da ya sami malamar Ngojin." Da sunana take tsorata ta, ina tsaye a bayanta. Mata suka koma sayen abu a makance, kowa ta cutu ta yi shiru, ta bar ta bayanta ita ma ta faɗa. Kina ganin bakin mace ɗaya za ki rufe, alhali duk mai kallo sai ta kama nata.

Sai bikin 'yar Hajja Amsa, ƙawata ta Yerimaram. Ni na haɗa turaren ɗakin amarya, kyauta, na zuba gwaninta. Da yamma na shiga in ga ɗaki. Na tarar da tagogi duk a buɗe, fanka na gudu, labule a ɗage. Mata cike da ɗakin, da ganina suka haɗa baki, "Hajja, ƙamshi! Kai, ƙamshi!" Suna dariya, idanunsu jajur suna hawaye, wata na danne tari da gefen mayafi. Na waiga ban ga kasko ba. Da na fita neman wurin alwala na zaga bayan ɗaki, sai ga kaskon a gindin katanga, an kwara masa ruwa, turarena na yawo a kan baƙin ruwan gawayi. Na tsaya ina kallo. Daga cikin ɗakin ina jiyo su ta taga, sun san na fita amma ba su san inda nake ba, kuma ko a lokacin babu wadda ta ce uffan a kan turaren. Tari kawai nake ji. Da gulmata na ji suna yi, wallahi da na fi samun sauƙi.

Kin san da maganar hancina, amma ban taɓa gaya miki yadda na gano ba. Bayan bikin da 'yan kwanaki na ɗora wake na zauna a tsakar gida ina yanke farce. Na ɗago kai sai na ga hayaƙi baƙi ƙirin yana fitowa daga madafa. Da ido na gan shi. Na shiga, tukunya ta ƙone ƙurmus, na tsaya a tsakiyar hayaƙin ina jan numfashi, idona na zafi, maƙogwarona na ƙaiƙayi, hancina kuwa babu komai. Na fito da gudu na buɗe kwalbar humra na kafa hanci. Babu. Na buɗe daddawa, na buɗe galan ɗin kananzir. Duk ɗaya, iska. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da na je asibiti likita ya tambaye ni ko na yi wata mura mai tsanani a baya, ya ce jin ƙamshin wani yakan dawo, na wani ba ya dawowa. Na zauna na lissafa, sai na ga murar ta riga haɗin da Malama Saratu ta saya. Ranar da na sunkuya kan kasko na rantse ƙarya take yi, da mataccen hanci na rantse. Ina tunanin ina jin ƙamshi ne saboda na san yadda ya kamata ya kasance.

Na je gidanta a Ngojin, ni kaɗai, da rana. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna nesa ta haɗa hannuwa a cinya. Ta rame. Na ce, "Malama, na zo neman gafara ne. Na gano ke ce da gaskiya. Na sauke bidiyon. Ki gaya mini yadda warin yake, don Allah, in san abin da ya ɓaci." Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, ba komai. Ta ce, "Turaren Hajja Bintu babu kamarsa. Ni ce na yi kuskure. Ina neman afuwa." Da muryar bidiyon, da inda ta ja numfashi a bidiyon. Na ce, "Malama, babu lauya, babu waya, ga jakata ki duba." Ta dubi jakar, ta sake maimaitawa daga farko. Na fashe da kuka a tabarmarta, ita kuwa ta jira na gama, ta raka ni har ƙofa, ta ce in gaida gida. Ban taɓa jin tsoron ɗan Adam irin na ranar ba, kuma ni na mai da ta haka.

Har yau ana sayen turarena jefi-jefi, kin sani. Ban san me suke yi da shi ba. Ban san ko kunnawa suke ba, ko kunya ce da tsoro suke sa su saya su zubar. Ina auna komai yadda mahaifiyata ta koya mini, na bar dillalin can, amma ko haɗin jiya ƙamshi yake ko wari, babu mai gaya mini a duk faɗin Potiskum.

Ba cewa nake duk abin da aka rubuta a kanki gaskiya ba ne. Akwai masu sharri, akwai wadda ba ta taɓa sayen kayanki ba za ta ƙaga miki ƙarya don ta kashe miki kasuwa. Irin wannan ki amsa mata a fili, da ladabi, ki ce ta kawo shaidar saye. Kwastomominki na gaskiya za su tare miki, in dai kin bar musu bakinsu. In abin ya kai ga ƙazafin da zai taɓa mutuncinki, ga manya, ga sulhu, kotu tana can ƙarshe ba inda za ta. Amma macen da ta sa kuɗinta ta sayi kayanki, ta shafa a jikinta, ta faɗi abin da ta gani, haƙƙinta ne ta faɗa, ko da ta faɗa da gatsali. Ke ma in kika sayi abu ya cuce ki, ki faɗa, iya abin da ya faru, ban da zagi, ban da ƙari.

Saboda haka ga abin da nake so. Ki kira lauyan nan ki ce kin fasa. Ki kira matar, ba rubutu ba, kira, ta ji muryarki. Ki tambaye ta wane irin leshi ne, a ina ta shafa, tabon wane launi ne. Wataƙila man da kika sa ya yi yawa, wataƙila ba ki tace da kyau ba, wataƙila ita ce ta zazzaga fiye da kima. Ba za ki sani ba sai ta gaya miki, kuma ba za ta gaya miki ba in ɗan sanda na tsaye a kanta. Rubutun nata ki bar shi a inda yake, ki amsa a ƙasa kowa ya gani. Na san zai yi miki ciwo duk safiya in kin buɗe waya. Ki daure, ciwon nan na masu kasuwa ne da ake gaya wa gaskiya.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi mini wuyar rubutawa. Hutun da kika dawo bayan shari'ar, na kunna miki turare a ɗakina na ce ya kika ji. Kika ce, "Ya yi, Hajja," kika tashi kika buɗe taga, wai zafi. Ke da kike musu da ni a kan gishirin miya. Ban riƙe ki ba, yarinya ce ke, kin ga abin da uwarki ke yi wa mai faɗa mata gaskiya. A ƙasan jakar nan, cikin zanen da na naɗe, akwai 'yar kwalba, haɗina na wannan makon. Ki kunna shi a ɗakinki, ki rufe ƙofa, ki zauna da shi. Sannan ki kira ni ki faɗa mini abin da kika ji, komai muninsa. In wari yake ki ce wari yake, ki faɗi na mene ne. Ba zan yi fushi ba, in ma na yi, ki ƙyale ni in yi, ki sake faɗa. Ke kaɗai kika rage mini da zan tambaya, Yagana, kuma ina roƙonki kada ki ce mini ya yi.

Allah ya tsare mini ke a fitarki da shigarki, ya kare ki daga zugar ƙawaye da saurin fushin da kika gada a wurina. Allah ya bar miki lafiyarki da hancinki, ya kewaye ki da mutanen da ba sa tsoron ɓata miki rai. Babanki yana sa miki albarka. Ina sauraron kiranki.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Hajja Bintu